Goggo Sitiyari

A layinsu babu wanda bai san Goggo Sitiyari ba, amma da za ka tambayi waɗanda suka laƙaba mata sunan ko sun taɓa ganin ta tuƙa mota, dariya za su yi maka. Ba ta taɓa ba. Ko keken hawa ba ta iya ba, in kuwa larura ta sa ta hau babur, runtse ido take yi tana salati har a sauke ta. Duk da haka, shekara talatin da 'yan kai ke nan tana hawa a-kori-kurar mijinta tana murza sitiyari dama da hagu har gumi ya jiƙa mata ɗankwali, motar kuwa ko taku ɗaya ba ta taɓa matsawa da ita daga gindin bishiyar ƙofar gida ba.

'Yar tela ce. A shagon ubanta ta yi wayo, cikin ƙyallaye da ƙarar keken ɗinki, kuma abu biyu ta fito da su daga can: hannu mai juya abu ba tare da fizga ba, da ido mai bambance launi. Ita a wurinta babu wani abu wai shi ja kawai. Akwai jan garwashi, akwai jan bulo, akwai jan da ya sha wanki ya gaji. Da aka yi mata aure ta tafi da tsohon keken uban, da shi take yi wa matan layi ɗinki har yau a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofa.

Mijin direba ne, dogo marar jiki, abokan aikinsa suna kiransa Sai-a-Hankali. Ita dai Malam take ce masa. Sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne da in ya ce maka yanzu zai tashi, to ka je ka yi wanka ka ci abinci ka dawo, za ka tarar da shi yana zagaya motar yana bubbuga tayoyi da ƙafa. Kayan mutane yake ɗauka gari zuwa gari, buhuna da katako da kwanon rufi, kuma ba a taɓa jin ya zubar da na kowa a hanya ba.

Yana kai motar gareji kamar kowa. Inji da giya da birki na bakanike ne, ba ya musu. Amma aiki biyu ya haramta wa kowa: wanke lagireto, wato ma'ajin ruwan da ke sanyaya inji, da juye man fawa, wato jan man nan da ke sa sitiyari ya yi laushi a hannu. Dalilin kuwa, a farkon sayen motar wani gareji ya ce an canza masa man, ashe sabo aka tuttula a kan tsoho aka rufe. Sitiyarin ya ƙage masa yana gangara da kaya fal a baya, da ƙyar ya sha. Tun daga ranar ya ce duk abin da ransa ya rataya a kai, da idonsa zai riƙa ganin sa.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, aikin man fawa kuwa na mutum biyu ne. Za a ɗaga gaban motar da jak a tokare, tayoyin gaba su bar ƙasa. Za a cire tiyon da ke mayar da mai cikin ɗan tulunsa, a zura bakin tiyon a farar kwalba. Ba a tada inji. Mutum ɗaya ya zauna a ciki yana murza sitiyari har ƙarshen dama, ya dawo har ƙarshen hagu, kowace murzawa tana turo tsohon man cikin kwalbar. Ɗayan yana tsaye a gaba, yana zuba sabo a tulun don kada ya ƙafe ya sha iska, idonsa a kan kwalbar. In abin da ke fitowa ya bar baƙi ya koma ja garau, sai ya ce ya isa.

Goggo ba ta nemi aikin ba, shi ya same ta. Yaron motar Malam ne ya tafi ganin gida bai dawo ranar da ya ce ba, Malam kuwa ya riga ya cire tiyo. Ya leƙo ɗakin ɗinki ya yi ta kame-kame, yana tambayar ko aikin da take yi na sauri ne. A lokacin tana goyon ɗansu na fari, wanda har ya girma ya yi gemu Babba take ce masa. Ta gyara goyo ta hau. Abu na farko da ta yi, da ta ga wani faffaɗan abu a tsakiyar sitiyarin, sai ta danna don ta ga ko mene ne. Hon ya tsaga layin. Malam, da kansa ke ƙarƙashin bonet, wato murfin inji, ya zabura ya ƙume ƙeya da ƙarfe. Tabon yana nan, gashi bai ƙara fitowa a wurin ba. Ranar ya kafa mata doka guda, yana dafe da kai: ta taɓa duk abin da take so a motar nan, ban da hon. Ta kuwa kiyaye.

Da ta fara murzawa ya ga bambanci. Yaron mota fizga yake yi don a gama ya tafi yawo, man ya yi ta tsartuwa yana ɓata wuri. Ita kuwa da hannun keken ɗinki ta zo, a natse, ba sauri ba tsayawa, man yana zuba cikin kwalbar siriri kamar zare. Ko da yaron ya dawo, ya tarar an cinye masa kujera.

Daga kujerar direba, in an ɗaga bonet, ba ka ganin komai a gaba sai ƙarfe, da wata 'yar siririyar kafa daga ƙasansa. Ta kafar nan hannayen Malam kawai take hangowa, da bakin ɗan tulun, da mazurari. Fuskarsa ba ta ganinta, muryarsa kawai take ji. Shi ne ya fara wasan, don kada ta gaji. Wata rana daga bayan bonet ya ce, “Direba, ina muka nufa yau?”

Ta ce bakin teku. Ba ta taɓa ganin teku ba, shi kuwa ya sha kai kaya can yana dawo mata da labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Shi ke nan wasa ya zama jiki. Tana murzawa tana faɗin inda suka kai, yana gyara mata hanya. Ya ce ta kauce akwai rami, ta kauce. Ya ce ga shanu nan suna tsallakawa, ta yi musu tsawa da baki tunda an hana ta hon. Da yara suka ƙaru sai su cika bayan motar, su da na maƙwabta, suna layi a duk kwanar da ta sha, wani har yana cewa a tsaya zai sauka. Su suka raɗa mata sunan. Kullum kuwa kafin su isa tekun sai Malam ya ce ya isa, man ya yi ja. Ta ce an yi mata ƙwange. Ya ce in Allah ya kai mu baɗi da kansa zai kai ta, ta gani da idonta. Baɗin nan ta zo ta wuce har ta daina ƙirgawa, ba ta kuma taɓa riƙe shi da maganar a rai ba. Ta san motar ta neman abinci ce, gabanta kuma kullum da mai kaya a zaune.

Wankin lagireto ma da hannunta a ciki. Malam ba ya yarda da ruwan rijiya, ya ce shi ke haifar da tsatsa. Ruwan sama ake tara masa a durom, kuma Goggo ce take tace shi da tsohon ɗankwali. Da sanyin safiya, inji na kwance, zai kwance ƙasan lagireto tsohon ruwa ya zubo cikin daro, launinsa kamar na kududdufi. Ya cika da ruwan sama, ya tada inji ya ɗumama, ya kashe, su zauna jiran ya huce. Wannan jiran shi ta fi so. Ta kawo shayi, ta jawo ɗinkin hannu, ya zauna a benci yana ba ta labarin hanya. In ya huce a sake juyewa, a sake cikawa, har ruwan ya fito fari tas, sannan ya zuba koren ruwan nan na lagireto. Tsohon ruwan ba ya bari a zubar a kwata. Ya ce zaƙi gare shi, kyanwa ko akuya in ta lasa sai gawa, don haka a jarka yake ɗurawa ya tafi da shi.

Haka suka tsufa, su uku da motar. Yara suka watse, bayan motar ya daina cika. Gareji-gareji suka sayo wata na'ura mai juye mai kafin ka gama gaisawa da bakanike, Malam ya je ya kalle ta ya dawo ya ce ai ita ba ta da ido. Fentin motar ya koɗe, Goggo ta sa tabarau, gwiwarta ta fara ƙara in za ta hau, har sai da Malam ya ƙera mata ɗan akwatin takawa.

A allura ta fara ganewa. Tun da ta sa tabarau shi yake zura mata zare in ya zauna kusa, yana yi mata gorin cewa idon direba ba irin na tela ba ne. Sai ga shi bara ya karɓi allurar ya juya ta, ya juya ta, ya ce hannunsa da maiƙo, ya miƙa mata. Ta karɓa ta zura da kanta. Daga baya ta ga ya zuba shayi a gefen kofi. Ta ga ya wuce surukinsu a bakin layi bai gaishe shi ba, shi da ba ya wuce ko ɗan yaye. Ta ga sabon tabo a ginshiƙin ƙofar maƙwabci, da irin fentinsa a gefen motar. Malam, wanda yake shigar da motar nan lungu da baya yana hira.

Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Duk ranar da ya fita, ƙafarta na kan keke amma kunnenta na bakin layi. Ga shi kuma ya karɓi wani aiki, kai kayan gini wani gari mai nisa, hanya mai hawa da gangara. Ya ce tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ranar hutunsa mai zuwa za su wanke lagireto su juye man fawa.

Babba ya zo ya same ta a ɗakin ɗinki, ransa a ɓace. Shi ma direba ne yanzu, a wani kamfani, ya kuma lura da abin da ta lura. Ya ce ya yi wa Baba maganar asibiti, Baba ya ce masa shi ya koya masa riƙe sitiyari, ɗan da ya haifa ba zai koya masa gani ba. Don haka shawararsa ita ce a ɓoye makullin, ko ya zo ya cire batir ya tafi da shi, in ya so a yi faɗan a wuce wurin.

Goggo ta ture ɗinkin da ke gabanta gefe. Ta san yaron yana da gaskiya, ta kuma san ubansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cewa da idonsa zai gani, in aka ƙwace masa makulli kamar yaron da aka ƙwace wa wuƙa, to an kwance masa zani a kasuwa, ba zai ƙara ɗaga kai a gidan nan ba. Ta ce wa Babba ya bar mata zuwa ranar wankin. Ya tambaye ta me za ta yi. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma gaskiyarta ta faɗa.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Malam ya fito da kayan aikinsa ya jera a kan buhu: sifanu, mazurari, farar kwalba, daro, da galan biyu na roba iri ɗaya da yake zuwa a auna masa a shagon kayan mota, ɗaya na jan mai, ɗaya na koren ruwa. Ba rubutu a jikinsu, ba a taɓa buƙata ba. Launin yana nunawa ta jikin robar.

Suka fara da lagireto. Hannunsa bai manta komai ba, ko dubawa ba ya yi yake kwance noti. Suka sha shayi, ya ba ta labarin wani abokinsa da ya rasu, wanda ya taɓa cika lagireto da lemon kwalba a daji don babu ruwa. Ta sha jin labarin, ta yi dariya kamar yau ta fara ji. Da aka juye karo na biyu ya sunkuya kan daron ya daɗe, sannan ya miƙe ya ce ya yi fari, a zuba kore.

Ruwan bai yi fari ba. Launin shayin da aka tsinka da ruwa ne, ga ɓurɓushin tsatsa yana yawo a ciki. Goggo ta gani sarai. Sai ta ce bana ruwan sama ya yi mata yawa a durom, gara a ƙara zagaye ɗaya da ya zauna ya yi gansakuka. Ya ce su mata ba sa rabo da tattali, ya ƙara. Ta rufa masa asiri, amma ba ta ji daɗin kanta ba. Ta san a kan hanya babu mai cewa a ƙara zagaye ɗaya.

Aka gama da lagireto, ya ajiye galan ɗin kore da sauran da ya rage a kusa da ɗan'uwansa. Ya ɗaga gaban motar ya tokare, ya cire tiyo, ya saita kwalba. Ta taka akwatinta ta hau, ta murɗa makulli kaɗan yadda ya koya mata don sitiyari ya saku. Warin cikin motar yana nan yadda ta san shi, na tsohon soso da mai da turaren Malam.

“Direba, ina muka nufa yau?”

Ta ce inda aka saba, ta fara murzawa. Ta kai dama, ta dawo hagu. Ta kafar nan ta ga hannunsa ya saita mazurari a bakin tulun. Ta ga ya sunkuya, hannun ya ɓace, ya dawo da galan. Ya cire murfi, ya fara karkatawa. Rana ta haska jikin robar, kuma abin da ke gangarowa bakin galan ɗin kore ne.

Ba ta yi shawara ba. Tafin hannunta ta kifa a tsakiyar sitiyarin ta danna da dukan ƙarfinta.

Malam ya zabura ya ja baya, wannan karon ƙeyarsa ta tsira. Koren ruwan ya fantsama a kan taya da ƙasa, ko ɗigo bai shiga tulun ba. Tsuntsayen bishiyar suka watse, wata maƙwabciya ta leƙo ta koma. Ya zagayo wajen taga da galan a hannu, fuskarsa a murtuke, yana tambayar ko tsufa ne ya fara taɓa ta, doka ɗaya tak ya kafa mata a motar nan.

Ta bari ya gama. Sannan ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji, ta ce, “Malam, shinshina abin da ke hannunka.”

Ya tsaya. Ya kai bakin galan ɗin hanci. Man fawa wari gare shi na ƙarfe, wannan kuwa ƙamshi ne mai zaƙi-zaƙi da ko a mafarki ya san shi. Ya ɗaga galan ɗin sama saitin rana, ya kawo shi dab da fuskarsa, ya ƙura masa ido. Sai ya rufe shi a hankali, ya ajiye, ya je ya zauna a benci.

Ta sauko ta zauna a gefensa. Tsohon mai yana ta ɗiga a cikin kwalba.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun allura.”

Ya gyaɗa kai. Sai ya fara magana, yana kallon tafukan hannunsa. Ya ce abin ya fi shekara. Da fari kamar an shafa wa gilashi maiƙo ne, ya yi ta gogewa yana zagin ƙura. Yanzu launuka sun guje masa, in rana ta yi ƙasa kuwa bayan babbar mota yake samu ya bi, inda ta bi ya bi. Ya ce ginshiƙin maƙwabci ba komai ba ne, kwanaki wata mace ce da tulu a ka ta ratsa gabansa, bai gan ta ba sai da ya ji ihun mutane. Tun ranar ba ya barci sosai. Ya ce ba mutuwa yake tsoro ba. Tsoronsa ya wayi gari ya zama tsohon da ake shimfiɗa wa tabarma a inuwa, ana gaishe shi ana wucewa.

“In na ajiye makullin nan, ni wane ne?”

Tausayinsa ya kama ta. Tana da maganganu da yawa da ta daɗe tana tanadi, na asibiti, na jikoki, na cewa Babba zai iya kai kayan. Ta ga duk ba yanzu ba. Ta share ido da bakin mayafi ta ce aiki dai bai ƙare ba, ga tiyo a cire, ga mota a sama, kuma shi da bakinsa ya ce ba a barin tulu ya sha iska.

“Hau ka murza. Ni in zuba.”

Ya dube ta, ko dai ya dubi inda take. Ta ɗauka zai ƙi. Sai ya miƙe, ya goge hannu da tsumma, ya tafi wajen ƙofar motar. Ƙafarsa ta ci karo da akwatin takawarta, ya yi ɗan jim, ya taka shi ya hau.

Goggo ta zagaya gaba, wurin da ba ta taɓa tsayawa ba a ranar aiki. Ta ɗauki galan ɗin ja, ta saita mazurari kamar yadda ta ga hannayensa suna yi shekara da shekaru. Ta ce ya fara. Tayoyin suka juya a iska, baƙin mai ya tsarto cikin kwalba. Ta ce masa ya yi a hankali, fizga yake yi kamar yaron mota. Daga ciki ta ji wata 'yar dariya da ba ta gama fita ba, murzawar kuma ta daidaita.

Ta kafar ƙasan bonet tana hango hannayensa a kan sitiyari. Ta gyara murya.

“Direba, ina muka nufa yau?”

Sitiyarin ya tsaya. Ta jira, tana tsoron ko ta taɓa inda ba a taɓawa. Can sai tayoyin suka ci gaba da juyawa.

“Asibitin ido za mu,” in ji shi. “Amma ta bakin teku za mu bi. Na daɗe ina yi miki alkawari.”

Ya kama hanya. Ba irin tata ba ta ƙirƙira, tasa ta gaske ce, kowace kwana a kansa take. Ya faɗa mata inda kwalta ta ƙare aka shiga tsakuwa, da gadar da mota ɗaya ke iya bi, da shagon mai shayin da ke ajiye masa kofinsa daban. Ya faɗa mata inda iska ke canzawa ta fara ɗanɗanon gishiri tun kafin a ga komai. Ta leƙa ta gefe ta ga idonsa a rufe.

Tana zubawa, tana kallon kwalbar. Baƙin ya sassauta ya koma launin ƙasa. Launin ƙasan ya koma jan bulo, ya koma jan da ya sha wanki. Sai ga shi ya fito ja garau, rana tana ratsa shi. Shekara talatin da 'yan kai tana turo wannan jan da hannunta, yau ta fara ganin sa. Lokacin cewa ya isa ya yi. Amma Malam yana kan tudu na ƙarshe, ya ce daga samansa ake fara hango ruwan. Ta dubi galan, da saura. Ta ci gaba da zubawa, sabon mai yana bin sabon mai cikin kwalba, asarar da da shi ne a tsaye a nan ba zai taɓa yarda da ita ba. Sai da ya sauke ta a bakin ruwan, ya ce ta cire takalmi don yashin yana da laushi, sannan ta ce, “Ya isa.”

Shi ya mayar da tiyon da laluben hannu, ita ta duba ta ce ya zauna daidai. Suka sauke motar. Ya tada inji ya murza dama da hagu har kumfar da ke tulun ta kwanta, sitiyarin ya yi laushi yadda yake so. Ya daɗe zaune yana sauraron injin kafin ya kashe.

Ya zare makullin ya miƙo mata ta taga. Ya ce in Babba ya zo ta ba shi ya kai kayan mutane, ta kuma gaya masa kada ya kuskura ya kai motar nan wajen na'ura, in lokacin wanki ya yi ya kawo ta gida akwai masu yi. Ta karɓa, makullin da ɗuminsa. Ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta matso masa da akwatin takawa saitin ƙafarsa, ta riƙe ƙofar har ya sauko.